Idan Mai Gadi Ya Yi Barci, Wa Zai Tashe Ka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da sabar biyu a wani ofishi a nan Garwa, manhajar Zabbix ke lura da su. Kwana uku ban ga saƙon gargaɗi ba, na ɗauka lafiya ce, ashe kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ce ba ta tashi ba bayan an ɗauke wuta. Yaya zan yi in riƙa sani?
— Mai karatu, Garwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Manhajar da ta mutu ba ta iya sanar da mutuwarta, don haka sai an juya lissafin. Kwamfutar da ke ɗauke da Zabbix ce za ta riƙa aika “ina nan” a kan lokaci zuwa wani wuri can waje, wurin kuma ya neme ka idan shirun ya yi tsawo.

Ka buɗe asusu a shafin Healthchecks.io mai wannan aikin, ko ka girka manhajar Uptime Kuma a wata kwamfutar da ba ta cin wuta ɗaya ko intanet ɗaya da ofishinku. Za a ba ka adireshi. Sai ka sa wannan layi a crontab, wato jadawalin ayyukan da manhajar cron ke gudanarwa da kanta a kan lokaci, ka sa adireshin a madadin ADIRESHI:

*/5 * * * * pgrep zabbix_server >/dev/null && curl -fsS -m 10 --retry 3 ADIRESHI

Wato duk minti 5, in Zabbix na aiki, a aika. Lokacin uzuri kuwa, wato jiran da wurin zai ƙara yi kafin ya neme ka, a ganinmu ka sa minti 15. In ka matse shi zuwa minti 2, duk ƙyaftawar intanet sai wayarka ta yi kuka, kafin mako ka kashe mata murya, an koma gidan jiya.

Sai dai pgrep, umarnin da ke duba ko Zabbix na aiki, bai tabbatar da komai ba illa cewa manhajar na numfashi. Hanyar saƙon fa? Kuɗin layin da ke cikin modem na iya ƙarewa, ko a canza kalmar sirrin imel, ba wanda ya sani. Nan ne gwajin kullum ke da amfani: ka ƙirƙiri wani abu a Zabbix nau'in trapper (mai jiran a turo masa bayani) mai suna gwaji, cron ya tura masa 1 da umarnin zabbix_sender kowace safiya, sharaɗin gargaɗin ya zama nodata(/sabar1/gwaji,1m)=0, wato in bayani ya shigo cikin minti ɗaya da ya wuce (sabar1 sunan sabarka ne a Zabbix). Saƙo zai bi ainihin hanyar da gargaɗin gaske ke bi, sannan ya rufe kansa. Ran da ka sha shayi bai shigo ba, ka duba.

A kula da agogo. Kamaru da Chadi suna gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, sabar haya kuwa galibi a UTC take. In taka ma a UTC take kuma kana son ƙarfe 8 na safe, 0 7 * * * za ka rubuta a crontab.

Ka kuma shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka saita kwamfutar ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo. Bayan haka ka zare wayar wutar kwamfutar da gangan, ka riƙe agogo: cikin minti 20 ya kamata saƙo ya iso.