Tambaya da Amsa: Me ake nema a giyar da aka haɗa da irin hof guda ɗaya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar abinci, kuma a darasin sarrafa abin sha mun ci karo da giyar nan mai hasken launi da Turawa ke kira fel el, wadda wasu ƙananan kamfanoni ke yi da irin hof guda ɗaya tak. Ni ba na shan giya, amma ina son in fahimci abin da masu ɗanɗano ke nema a cikinta, da dalilin da ya sa ake taƙama da irin guda alhali ana iya gauraya iri da yawa.

Amsa: Malama, barka kadai. Hof tsiro ne mai nannaɗe, kuma furen macensa ake tsinkowa a busar. A cikin furen akwai wani gari mai ruwan ɗorawa da ake kira lufulin, wanda ke ɗauke da abubuwa biyu: sinadaran asid na alfa masu ba da ɗaci, da kuma mai iri-iri masu ba da ƙamshi. Waɗannan biyun ba sa son yanayi ɗaya. Asid ɗin ba ya sakin ɗacinsa sai an tafasa shi a ruwan tsiron sha'ir na kimanin minti 60, amma man ƙamshin guduwa yake yi da tururi, shi ya sa ake ƙara hof a ƙarshen tafasa, ko kuma a zuba shi bayan ruwan ya huce yana cikin tukunyar yisti. Saboda haka ko da iri guda aka yi amfani da shi, mai haɗawa yana iya zuba shi sau uku ko fiye, kuma kowace zubawa da abin da take bayarwa.

A Ingila aka fara yin wannan giya, kuma garin Batin da ke bakin kogin Turent ya yi suna da ita saboda ruwansa mai yawan sinadarin jifsam (wani ma'adini mai kama da alli), wanda ke sa ɗacin hof ya fito sarai. Salon da kike tambaya a kansa kuwa Amurka ce ta ɗaukaka shi. A 1972 aka fitar da irin hof mai suna Cascade daga shirin binciken noma na gwamnati a jihar Oregon, a 1975 kamfanin Anchor ya yi giyar Liberty Ale da shi kaɗai, sannan a 1980 kamfanin Sierra Nevada ya fara tasa fel el ɗin wadda ita ma Cascade ne ginshiƙinta.

Mai ɗanɗano yakan fara da ido, ya duba launi da kumfa, amma launin ba ya gaya masa kome game da hof, domin daga sha'ir yake zuwa. Aikin gaske yana hanci. Yakan ɗan kaɗa kofin, ya shaƙa a gajarce sau biyu ko uku, ya tambayi kansa ko abin da ya ji ya fi kama da 'ya'yan itace, ko fure, ko ɗanyar ciyawa, ko ƙaron itace. Cascade an san shi da ƙamshin garehul da fure. Citra yakan ba da ƙamshin mangwaro da lemon tsami, yayin da Fuggle na Ingila ya fi karkata ga ƙamshin ƙasa da itace, shi kuma Saaz na ƙasar Cek yake da ɗan yaji mai laushi. Daga nan sai kurɓa, inda ake lura da lokacin da ɗacin ya iso, da ko ya wuce da sauri ko ya maƙale a maƙogwaro, da kuma ko zaƙin sha'ir ya iya riƙe shi. Ba a son giyar ta yi sanyi ƙarara, domin sanyi yana danne ƙamshi.

A ganina, amfanin irin guda shi ne koyarwa, ba fifiko ba. Idan aka bar sha'ir da yisti da ruwa yadda suke, aka sauya hof kawai, to duk bambancin da aka ji daga hof ya fito, kuma wannan shi ne tsarin gwajin da kika saba da shi a ɗakin bincike. Sai dai iri guda yakan zo da giɓi. Wani yana da ƙamshi mai daɗi amma ɗacinsa kaushi ne, wani kuma asid ɗinsa kaɗan ne: na Cascade yakan tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, na Citra kuwa yakan haura kashi 11. Gaurayawa ita ce ke cike wannan giɓi, shi ya sa yawancin masu haɗawa ba su daina ta ba.

Ki kuma yi hattara da ɗora wa hof alhakin duk abin da aka ji. Yisti ma yana samar da ƙamshin 'ya'yan itace, har yana iya sauya wasu sinadaran man hof zuwa wasu daban. Iri guda da aka noma a kwarin Yakima na Amurka zai iya bambanta da ɗan'uwansa da aka noma a Halatau ta Jamus, kuma girbin bana ba lallai ne ya yi daidai da na bara ba. Ga kuma ajiya: ƙamshin hof yana dusashewa cikin 'yan watanni, musamman a wuri mai zafi, haske kuma yana lalata sinadaran ɗacin ya haifar da wari, wanda shi ne dalilin amfani da kwalba mai duhu ko gwangwani.

Game da karatunki, ba ki bukatar giya domin ki san hof. Ƙwararrun masu sayen hof kansu murza furen suke yi tsakanin tafukan hannu su shaƙa. Kina iya jiƙa iri biyu ko uku, kowanne a kofinsa na ruwan ɗumi, da awo ɗaya da lokaci ɗaya, ki rubuta abin da hancinki ya ji kafin ki duba abin da littafi ya ce.