Tambaya da Amsa: Na rubuta "partaker" a takardar watanda, anka maishe ni abin dariya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya, ya iyali ya zahin garin namu. Don Allah wata 'yar magana ce ta dame ni tun bayan Salla. Wurin aikinmu duk shekara muna haɗa kuɗi mu yi watanda, bana mu 14 munka haɗa anka tahi Kara anka sawo bijimi, to da yake ni ne sakatare sai anka ce in rubuta sunayen waɗanda sunka zuba kuɗi in liƙa a allon sanarwa, kuma da Turanci don akwai abokan aikinmu da ba su jin Hausa sosai. Sai na rubuta List of Partakers a saman takardar. Wallahi Malam tun rannan ban huta ba, wani yaro ɗan bautar ƙasa da anka turo muna yana gani ya bushe da dariya wai Turancin kakanni na yi, wai sai ka ce fasto, yanzu har suna anka liƙa mini, ko'ina na gitta sai ka ji ana ga Partaker nan tahe. Ni kuma na duba ƙamus kalmar tana nan daram. To ni ke da kuskure ko shi? Daga mai karatunku a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam sakatare, iyali lahiya lau, zahi kam sai godiya. Ka yi haƙuri, ni ma sai da na murmusa da na zo wurin sunan da anka liƙa maka, kuma in gaya maka gaskiya wanga suna ba inda za shi, gara ka fara amsawa tun yanzu.

Kuskure dai ba ka yi ba. Kalmar Turanci ce ta gaske, kuma in za a bi asalinta babu wadda ta hi ta dacewa da watanda, don an ƙera ta ne daga kalmomi biyu, part wato kaso ko rabo, da taker wato mai ɗauka, ka ga ke nan mai ɗaukar kaso, to mi ɗan watanda ke yi in ba ya zo ya tsaya a kasa nama ya ɗauki kashinsa ya wuce gida ba? Tun wajen shekarar 1400 Turawan Ingila ke amfani da ita, da fari ma part-taker suke rubutawa kahin bakinsu ya haɗiye harahi guda. Wani abin sha'awa kuma, sunan ne ya riga aikatau zuwa duniya, sai cikin ƙarni na 16 sannan anka yanke wutsiyar partaker anka samu partake, kamar dai yadda sunka ciro edit daga editor. Ɗa ya haihi ubansa ke nan.

Amma shi ma yaron ba banza ya yi dariya ba, duk da dai ya kamata ya ja ka gefe ya hwaɗa maka tunda ka girme shi. Kalmar ta tsuhwa. Yau da wuya ka ji Bature cikin hirar yau da kullum ko takardar ofis ya ce partaker, in ka ji ya hwaɗa to ko dai wa'azi yake ko barkwanci. Batun fasto da yaron ya kawo nan ne asalinsa: fassarar Baibul ta Turanci da anka yi zamanin Sarki James na Ingila, wadda ta hito 1611, cike take da wagga kalma, masu rabo cikin alheri, masu tarayya cikin wahala, masu hannu cikin zunubin wasu, duk da ita anka kira su. Ita wannan fassara har gobe ana karanta ta a coci-coci da yawa na ƙasar nan, shi ya sa wanda ya tashi yana jin ta wurin ibada da ya gan ta a kan takardar rabon nama dole abin ya ba shi dariya. Ka ɗauka wani ne ya shigo ofis ranar Litinin da alkyabba da rawani zai zauna gaban kwamfuta. Ba tsirara yake ba, kayan ma sun hi na kowa tsada, amma kowa sai ya ɗaga kai ya dube shi.

Mu ma muna da irin wannan ai. Ka aika wa abokinka saƙo a WhatsApp ka fara da "bayan dubun gaisuwa da so da yarda da aminci" don kawai kana son ya ara maka caja, ka ga ko ba ya tambaye ka lahiya ba. Haka tsohin ma'aikatan En'e da sunka koyi rubutun wasiƙa hannun Turawan mulki suke rufe takarda da your obedient servant, a zamaninsu shi ne ladabi, yau in ka rubuta ma manajan banki haka sai ya zaci zolaya ce.

To mi ya kamata ka sa? Nan ne aikin yake, don Turancin yanzu ya rarraba aikin da partaker ke yi ita kaɗai ga kalmomi da dama, kuma kowace da inda take zama. Waɗanda sunka zuba kuɗi anka sayi sa, contributors ne, ko ka ce members in ƙungiya ce tsayayya. Wanda ya halarci bita ko gasa ko taro, participant ne, mahalarci ke nan, kuma ita wannan tagwai suke da taka, don daga Latin ta hito inda pars ke nuhin kaso capere kuma ɗauka, ma'ana guda ce sak, ɗaya dai ta sa kwat ɗaya ta sa tsohuwar riga. Wanda anka raba ma tallahi bai zuba ko sisi ba, taki ne ko shinkafa, beneficiary ne, wanda ya ci gajiya. Na sha ganin matasanmu masu rubuta takardar neman tallahi ga ƙungiyoyin waje suna cakuɗa waɗannan, su ce partakers alhali masu amfana suke nuhi, mai karantawa a can ya rasa shin waɗanga mutane kuɗi za su kawo ko karɓa za su yi. Abokin kasuwanci partner, mai hannun jari a kamfani shareholder. In kuma abin da anka yi tarayya ciki ba na kirki ba ne, sata ko zamba, accomplice ake cewa, namu kuma ya hi daɗi, abokin cin mushe.

Ni da ni ne kai wallahi da 'Yan Watanda zan rubuta ɓaro-ɓaro a sama da manyan baƙaƙe, in sa contributors ƙarami a ƙasa don baƙi. Turanci ba shi da kalma guda da ta ɗauke watanda duka, haɗa kuɗin da sayen dabbar da yankan da kasawar da gardamar wa anka ba hanta wa anka tara ma ƙashi, kuma duk wanda ya zauna Sakkwato ya ci naman watanda sau guda ya san kalmar ko da ba ya jin sannu. Shi kanshi ɗan bautar ƙasar ina da yaƙinin bai ƙi karɓar nashi ƙunshin ba in an ba shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni ɗaliba ce ina shirin rubuta WAEC, malaminmu na Turanci ya ce mu riƙa sa manyan kalmomi cikin insha'i don mu burge mai maki, shi ne nake son in san partake in ake cewa ko partake of, kuma in abin ya wuce partaked ne? Daga wata ɗiyarku a Runjin Sambo.

AMSA: Ɗiyata Allah ya ba da sa'a. Duka biyun akwai su amma ba wuri guda suke shiga ba. Partake of ya hi tahiya da abin ci da abin sha, wato a ɗiba a ci tare da mutane, partake in kuma shiga cikin wani aiki ko biki ko wasa. Partaked kam babu ta sam, kada ki bari ta hito daga alƙalaminki, tunda take ce a cikin kalmar to yadda take ke juyawa haka ita ma, took da taken, sai ki ce partook, ko have partaken.

Sai dai ina ja miki kunne kan abu biyu. Na farko a Amurka da Ingila in wani ya tambaye ki do you partake haka kawai bai ambaci komai ba, sau da yawa giya ko wiwi yake nuhi cikin sakaya, don haka ba kalmar da za ki riƙa jefawa ko'ina ba ce. Na biyu kuma, ba ina ja da malaminku ba ne, amma mai duba takarda abin da yake nema jimla ta tsaya daidai ma'ana ta hito, babbar kalma da anka sa ba a muhallinta ba maki take ci ba ta ƙarawa. Take part in tana yi miki duk aikin da partake in za ta yi, kalmomin ma su ne dai anka juya gaba ta koma baya, kuma ba mai ja miki jan biro a kanta. In wasiƙa ce zuwa ga shugaban makaranta kina son ta yi nauyi kaɗan, ki sa participate in.

Wanda ya aiko tambaya daga Gwadabawa kan bambancin borrow da lend, da hajiyar da ke son a fassara mata takardar adashe, ku yi haƙuri wuri ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.