Filin Tambayoyinku: Gwajin Maganin Ciwon Daji a Kan Faranti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a fannin harhaɗa magunguna, ina zaune a Samaru. Ina gwada ruwan wata saiwa a kan ƙwayoyin ciwon daji, amma sakamakon yau daban, na gobe daban. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da alama gwajin MTT kake yi, wato gwajin da ake amfani da wani sinadari mai sauya launi don auna yawan ƙwayoyin da ke raye, wanda wani masani mai suna Mosmann ya fito da shi a 1983, don shi ne aka fi yi. Ka duba aikinka da wannan tsari. A faranti mai gurabe 96 ana zuba ƙwayoyi 5,000 zuwa 10,000 a kowane gurbi, a bar su awa 24 su manne a cikin na'urar reno mai zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. Sannan a zuba maganin daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, ana rabawa biyu: maikirogiram 100 a kowace mililita, 50, 25, haka har ƙasa. Kowane ma'auni gurbi uku. Bayan awa 48 ko 72 a sa MTT, a jira awa uku zuwa huɗu. Shi ruwan ɗorawa ne, ƙwayar da ke raye ce ke mayar da shi shunayya, matacciya ba ta iyawa. A narkar da shunayyar da DMSO, wani ruwan sinadari na narkar da abubuwa, na'ura ta karanta ƙarfin launin da haske mai tsawon zango nanomita 570. Daga nan ake fitar da IC50, wato adadin maganin da ya rage ƙwayoyin da rabi.

Wurin da muka fi zargi shi ne bakin faranti. Gurabe 36 na gefe sun fi saurin ƙafewa, balle da hunturu da iskar Zariya ke bushewa ƙayau, sai maganin cikinsu ya yi kauri ya ba ka lissafin ƙarya. Cika su da ruwa mai tsabta, ka yi aiki da 60 na ciki. Sai DMSO ɗin da ka narkar da saiwar: in ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari shi kansa yana kashe ƙwayoyi, kai kuma ka yaba wa saiwa. Ka ware gurabe masu DMSO zalla, da wasu masu sanannen maganin daji irin doxorubicin, don kwatantawa.

Akwai wani tarko da ɗalibai ba su cika lura da shi ba. Ruwan tsirrai da yawa yana juya launin MTT da kansa ko babu ƙwaya ɗaya a gurbin. Gwada shi a gurbin da ba kowa. In ya yi shunayya, sai ka wanke gurabe kafin sa MTT ko ka koma gwajin SRB, wanda ke auna furotin ɗin ƙwayoyin. Kuma kowace safiya ka ɗaga kwalbar da kake renon ƙwayoyin a ciki ka kalli ruwan. Ja-ja garau lafiya lau. In ya yi gurɓi-gurɓi ya koma rawaya, bakteriya ta shiga, a zubar kawai. In an ɗauke wuta cikin dare na'ura ta huce, rubuta shi a littafi ka sake gwajin, kada ka yi ƙoƙarin ceto farantin.

Tambaya: Yayata na fama da ciwon daji na mama. Mun ji an ce bincike ya nuna zogale na kashe ƙwayoyin cutar. Mu daina zuwa asibiti? Daga wata mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Malama, Allah ya ba ta lafiya. Kada ku daina. Abin da ake kira "ya kashe ƙwayoyin daji" a irin wannan bincike, a cikin faranti ne, inda ƙwayar ke kwance tsamo-tsamo cikin magani kwana biyu ko uku. Ruwan bilic ma zai kashe ta a nan. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ke gwada maganin a kan lafiyayyun ƙwayoyi a gefe, ya ga ko yana bambance su. A jikin mutum kuwa sai abu ya tsallake hanji, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da wani, abin da ya isa ga ƙarin dajin ba lallai ya kai ko kusa da na faranti ba.

Ba raina tsirrai muke ba. Vincristine, wani maganin daji, daga wata fulawa ta Madagaska aka samo shi. Taxol, wanda ake bai wa masu ciwon mama, daga ɓawon wata bishiya ce ta Amurka: an ɗebo ɓawon a 1962, ba a amince a bai wa marasa lafiya ba sai 1992, bayan an tace sinadarin, an gwada a dabbobi, sannan a mutane mataki-mataki. Ta ci kwaɗon zogalenta a matsayin abinci, amma ku ci gaba da ganin likitocinta, ko a asibitin koyarwa na Shika ko inda take zuwa. Duk wani jiƙo ko gari da take sha, ku tafi da shi ku nuna musu, domin wasu na canza yadda hanta ke sarrafa allurar kemo.