Kyandir guda ya ishe ka murhu

Ɗan'uwa, ka ce ɗakin haya kake zaune a Faransa, babu murhu, kana tambaya ko ibadar gida ta addinin Gaul, wato addinin gargajiya na mutanen da suka zauna a yankin Faransa a zamanin da, za ta yiwu a haka. Za ta yiwu, kyandir guda ya ishe ka, domin wutar ce murhun, ba duwatsun ba. Ka ware ɗan lungu, ka ajiye kyandir da ƙaramin kwano. Ka wanke hannu da fuska, ka kunna wutar, ka kira wanda kake nufi da sunansa, ko Taranis ubangijin tsawa, ko Epona ubangijiyar dawaki, ko kakanninka, sannan ka miƙa abin da ka kawo: turare, madara ko gutsuren burodi. Ka faɗi bukatarka, ka yi godiya, ka kashe wutar kafin ka tashi. Kada ka damu cewa ka saɓa wa wani tsohon tsari. Julius Caesar, jagoran sojan Roma da ya ci Gaul da yaƙi, ya shaida cewa malaman Gaul, wato Druid, ba sa rubuta iliminsu na addini, don haka wannan tsarin da na jero maka, mabiyan yanzu ne suka haɗa shi.

Sharaɗin da nake riƙe da shi sosai: abin da ka miƙa ya bar hannunka, ba ka komawa ka ci. Saboda haka ka miƙa kaɗan. Farkon farawata nakan cika kwano da madara, ta kwana ta yi tsami, in rasa inda zan kai ta daga bene. Yanzu cokali guda nake zubawa, da safe in sauka in juye a gindin bishiyar da ke ƙofar gidanmu.