Amsa ga yarona kan kuɗin gyaran da aka caji baffansa

Ka tambaye ni yadda za ku yi da garejin da baffanka ya kai motarsa, Corolla ƙirar 2005, aka rubuta masa kuɗin sabon taimin bel da shakazoba biyu na gaba da juyen baƙin mai, ya biya mafi yawan kuɗin, sannan da ka leƙa ƙarƙashinta ka ga kamar babu hannun da ya taɓa wurin. Na ga ranka a ɓace, na kuma ji ka ce za ka kwance shakazobar ka kai musu su gani da idonsu. Kada ka kuskura ka ɗora sifana a kan motar nan, ɗana, domin a halin yanzu ita ce babbar shaidar baffanka, kuma da zarar ka kwance noti guda za su ce kai ne ka cire sabon da suka sa ka mayar da tsoho, babu kuma wanda zai iya ƙaryata su.

Mu fara da taimin bel ɗin, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin inji, tun da shi ne ya fi ba ni mamaki. Injin da ke cikin irin wannan Corolla, wato 1ZZ mai lita 1.8, ba ya amfani da bel wajen taimin. Sarƙa ce a cikinsa, tana juyawa cikin baƙin mai a bayan murfin ƙarfe. Da a ce Peugeot 406 ce ko Golf 3, da maganar bel ta zauna. Saboda haka ko dai an rubuta abin da babu shi a motar, ko kuma wanda ya riƙe biro fanbel yake nufi, wato dogon bel ɗin waje da ke juya altaneta da famfon ruwa, hannunsa ya rubuta wani suna. Irin wannan kuskure yana faruwa, musamman inda yaro ne ke rubuta takarda. Buɗe bonet ka duba fanbel ɗin: idan sabo ne za ka ga rubutun bayansa raɗau, haƙoransa kuma babu tsaga. In ka same shi sabo, to rikicinku ya koma kan farashi, domin kuɗin fanbel da ladan sa shi ba su kama ƙafar aikin taimin ba.

Shakazoba kuwa ba ta iya ɓoye sirri. Kafin a fitar da ta gaba a wannan mota sai an kwance noti uku na sama a ƙarƙashin bonet, da manyan kusoshi biyu na ƙasa a bayan taya. Haska fitilar wayarka a kansu. Notin da sifana ta kama a makon nan gefunansa suna ƙyalli, tsatsar da ke bakin zarensa ta karye, ƙurar da ke kewaye da shi kuma ta goge. Idan ka tarar da laka ta bushe ta haɗe notin da ƙarfen da yake zaune a kai, ga kuma tsohon mai ya jiƙa jikin shakazobar ƙura ta manne masa, babu makanikin da zai dube ka ya ce an taɓa wurin. Amma ka lura da wani abu: idan notunan sun nuna an kwance su, shakazobar kuma ta tsufa, mai yiwuwa ta hannu aka sayo a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano aka sa, aka rubuta kuɗin sabuwa. Wannan ma cuta ce, sai dai dabam take da rashin yin aikin, kuma wanda ya cakuɗa su a bakinsa ya ba abokin rigimarsa ƙofar fita. Haka nan aikin da aka yi amma bai kashe ƙarar da mota ke yi ba, shi ma maganarsa dabam.

Baƙin mai ba zan tsaya a kansa ba. Zaro sandar awo ka ɗiga a farar takarda. A injin fetur sabon mai yana riƙe launin zuma na kwanaki. In an juye, ku biya kuɗinsa ba tare da gardama ba.

Ka ɗauki hoton duk abin da ka gani yadda lambar motar za ta fito a wasu daga cikinsu, ka haɗa da takardar da suka rubuta da saƙon banki na kuɗin da aka tura. Sannan baffanka ya koma garejin da kansa, ya nemi maigidan wurin a gefe, ba a gaban yaransa ko masu kawo gyara ba. Ya roƙe shi abu biyu kawai: tsofaffin kayan da aka cire, domin mallakin mai mota ne, da rasidin shagon da aka sayo sababbin. Na daɗe a wannan sana'a, kuma sau da yawa na ga maigida bai san abin da ya faru ba. Ya ba yaro kuɗin kaya ya tafi wani aiki, yaron ya wanke tsohon da fetur ya soke kuɗin a aljihu. Ni kaina an taɓa yi mini haka a garejin nan da kulocin wata motar haya, ban sani ba sai da direban ya dawo bayan kwana uku, na biya daga aljihuna na kuma sallami yaron. Mutumin da aka ba shi damar gyara kuskurensa cikin sirri yakan mayar da kuɗi ko ya yi aikin, wanda aka tozarta kuwa sai ya kafe ko da ya san ba shi da gaskiya. Kai kuma ka yi shiru a wurin, domin ba a son yaron wani gareji ya tsaya yana koya wa maigida aiki.

Idan maigidan ya ƙi, mataki na gaba shi ne ƙungiyar makanikai ta NATA, reshen da garejin yake ƙarƙashinsa. Shugabannin sukan tura dattijan sana'a su duba motar a gaban ɓangarorin biyu, kuma mai gareji yana jin nauyin su fiye da yadda yake jin nauyin baƙo. In abin ya gagara a can, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano, akwai kuma ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma ayyukan hannu irin namu suna cikin abin da take karɓar ƙorafi a kai. Kotun ƙananan basussuka ma tana nan, mutum yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Ban ba da shawarar a fara da ofishin 'yan sanda ba, domin dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki kawai, kuma yawanci kashe kuɗi ake yi a ɓata zumunci ba a karɓo komai ba.

Game da cikon kuɗin da suke bin baffanka, ya riƙe shi tukuna, amma ya faɗa musu dalili a rubuce, ko da ta saƙon waya ne, don kada a ce gudun bashi yake yi. Ka san ƙa'idar da alƙalai ke bi, cewa kawo hujja yana kan mai da'awa: su ne za su tabbatar da aikin kafin su karɓi ciko, shi kuma baffanka shi ne zai tabbatar da rashinsa kafin a mayar masa da abin da ya riga ya biya. Shi ya sa na hana ka taɓa motar.

Gobe bayan sallar la'asar ka ce masa ya kawo ta nan tare da takardar. Za mu ɗaga ta a jak, in duba da idona ba tare da na kwance komai ba, kai kuma ka riƙe fitila ka nuna mini notunan da ka ce ba a taɓa ba.