Ƙullutu a jikin tsohuwar karya: a yi sakiya ko a kai ta wurin likita?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da karya da ke gadin garkata a hanyar Mirriya, shekarunta sun kai goma, kuma ta sha haihuwa. Kwanan baya ina cire mata kaska sai na ji ƙullutu mai laushi a gefen haƙarƙarinta, girmansa kamar lemun tsami, sannan na ga wani ƙarami mai tauri kusa da nononta na baya. Tana cin abinci, ba ta nuna jin zafi. Wani maƙwabcina ya ce a yi mata sakiya. Mene ne shawararka? Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka kula da dabbar da ta yi maka hidima tsawon shekaru. Kafin komai, ina roƙonka kada a yi sakiyar nan, kada a tsaga, kada kuma a shafa baƙin mai. Sakiya ana yin ta ne domin mugunya ta fita daga ƙurjin da ya nuna, shi kuwa ƙurji yana tasowa cikin ƴan kwanaki, yawanci bayan cizo ko sukar ƙaya, da ɗumi da zafi, har kare ya ƙi yarda a taɓa wurin. Abin da ka bayyana bai yi kama da wannan ba. Idan aka soka ƙarfe mai zafi a cikin ƙari, ba abin da zai fito sai jini, a bar dabba da gyambon da ba ya warkewa, ƙudaje su zuba masa tsutsa.

Ƙullutun gefen haƙarƙari, in har yana da laushi, yana zamewa ƙarƙashin fata idan an tura shi da yatsa, kuma ya daɗe bai ƙara girma sosai ba, mai yiwuwa tarin kitse ne, wanda ya yi yawa ga tsofaffin karnuka, musamman masu ƙiba. Irin wannan ba ya yaɗuwa, kuma sau da yawa ana ƙyale shi sai in ya hana tafiya. Amma na ce mai yiwuwa ne kawai, domin akwai ƙarin daji na fata da ke zuwa da laushi iri ɗaya, wani lokaci ma ya kumbura yau ya sace gobe, mai dabba ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Hannu ba ya rarrabe su, ko da hannun ƙwararren likita ne.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙaramin nan mai tauri na kusa da nono, duk da cewa shi ne ido ya fi rainawa. Ƙarin nono yana cikin waɗanda suka fi kama tsohuwar karyar da ba a cire mata mahaifa da ƙwan haihuwa ba, ya fi fitowa a nonuwan baya, kuma kusan rabin irin waɗannan ƙari na daji ne, masu iya bin jijiya su kai ga huhu. Allurar hana barbara da wasu ke yi wa karya tana ƙara haɗarinsa. Cin abincinta da rashin nuna jin zafi kada su kwantar maka da hankali, domin haka wannan ciwo yake a farkonsa. Girma yana da muhimmanci ƙwarai a nan: ƙarin da aka cire tun bai kai santimita 3 ba ya fi ba da fatan samun lafiya nesa ba kusa ba a kan wanda aka bari ya girma ya fashe. Saboda haka jiran a ga abin da zai zama shi ne babbar asara.

Ka kai ta ma'aikatar kiwo ta jihar Damagaram ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa cikin wannan mako. Na san yawancin aikinsu a kan shanu da tumaki da raƙuma yake, don haka ka tambayi wanda ya saba yi wa kare aiki. Hanya mafi sauƙi ta bincike ita ce a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke cikin ƙullutun a duba a madubin likita, abin da ba ya buƙatar a sa dabba barci. Ga na kitse wannan yakan wadatar, amma na nono yawanci sai an cire shi gaba ɗaya an bincika naman kafin a tabbatar da irinsa. Tsufa shi kaɗai ba ya hana a yi aiki, sai dai likita zai fara duba ƙarfin jikinta da numfashinta.

Kafin ka tafi, ka kwantar da ita a inuwa ka shafa dukkan nonuwanta ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa ƙarin ba ɗaya ba ne. Ka taɓa ƙarƙashin muƙamuƙi, da gaban kafaɗa, da hammata, da bayan gwiwa, ko akwai kaluluwa, wadda ciwon da kaska ke kawowa ma yana iya tayar da ita. Ka auna kowane ƙullutu da zare, ka ɗauki hotonsa da waya, ka riƙe ranar. Idan da damina ka ga ƙananan kumburi masu ɗan rami a tsakiya, wannan tsutsar ƙuda ce da kare ke ɗauka daga kwanciya a ƙasa mai damshi da fitsari, kuma maganinta daban ne, mai sauƙi.

Kada ka ba ta ibuprofen ko diclofenac ko paracetamol na mutane, domin suna iya lalata ciki da ƙoda da hantar kare. In ƙullutun ya fara zubar da jini, ko ya yi saurin girma, ko ta soma tari da haki da rama, to kada a jira ƙarshen mako, a kai ta a ranar. Idan kun isa, ka nemi a duba ko lokacin sabunta rigakafin haukan kare ya yi, tunda tana cuɗanya da yara da masu aikin garka.