Hukuncin Alwala da Sallah ga Mai Gyambon Ƙafa da Ke Zubar da Ruwa

Tambaya: Malam, mahaifina yana da gyambo a ƙwauri wanda ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura, wani ruwa garai-garai mai ɗan rawaya yana tsattsafowa dare da rana. Yaya zai yi da alwala da sallah? Kuma ya ce ba zai je asibiti ba, wai jifa aka yi masa.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri. A mazhabar Imamu Malik, abin da ya fita daga jiki ba ta mafita biyu (gaba da baya) ba, jini ne ko mugunya ko ruwan ciwo, ba ya warware alwala. Hanafawa ne ke ganin yana warwarewa idan ya kwarara, su ma sun sauƙaƙa wa mai lalura ya yi alwala ɗaya ga kowane lokacin sallah.

Malikawa suna lissafa ruwan ciwo cikin najasa, amma Shehu Halilu, malamin fiƙihun Malikiyya, ya kawo a littafinsa Mukhtasar cewa an yi rangwame ga abin da ke zuba da kansa daga maruru muddin ba matsa shi aka yi ba, kuma wanke tufa mustahabbi ne kawai idan abin ya yi muni. A Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, ya tabbata cewa Sayyidina Umar ya yi sallah bayan an soke shi, jini yana kwarara daga rauninsa. Saboda haka Baba ya yi sallarsa, kada ya jinkirta ta yana jiran ruwan ya tsaya.

Idan wanke wurin zai ƙara ciwo ko ya jinkirta warkewa, sai ya shafa a kan bandejin sau ɗaya, ya wanke sauran ƙafar mai lafiya, kuma ba sharaɗi ba ne a ce yana da alwala sa'ad da aka ɗaura shi. In tsayuwa na cutar da shi, ya yi sallah a zaune, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana bin Husaini a Buhari.

Inda zan tsananta shi ne ƙin zuwa asibiti. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma ba ya halatta a zargi wani da jifa ba tare da hujja ba. Likitoci sun bayyana cewa wannan ruwa yana gudana ne a wasu ƙananan hanyoyi da ke ƙarƙashin fata, idan suka toshe ko suka lalace sai ya taru, ya ɓullo ta ciwo, ya jiƙe fata har ta kasa haɗewa. Sababin yana iya zama raunin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, ko ciwon suga, ko sikila, ko tundurmi wanda sauro ke yaɗawa, wanda akan ɗebi jinin gwajinsa da dare. Akan auna suga, a duba gudun jini a ƙafar da na'ura kafin a ɗaure ta da bandeji mai matsewa, domin matse ƙafar da jini ba ya isarta sosai yana iya kai ta ga yankewa, don haka kada ku ɗaura mai matsewar da ka a gida. Barbaɗa toka ko garin batir a kan gyambo cutar da kai ne, kuma Shari'a ta hana.

Ya riƙa ɗaga ƙafar idan ya kwanta, a sauya bandeji da zarar ya jiƙe. Idan zazzaɓi ya zo, ko wurin ya yi ja da zafi, ko ya fara wari, ku kai shi asibiti a ranar. Ka lallashe shi da ladabi, in ya ƙi jin taka ka haɗa shi da wani babba da yake jin nauyinsa. Wallahu a'alamu.